Ƙwayar lantarki a jikin fasfo: Sirrin matafiyi amana ce a hannun wa?

Duk wanda ya taɓa leƙa sansanin alhazai a lokacin jigila ya san yadda fasfo ke yawo. Yakan bar hannun maniyyaci zuwa wajen jami'in alhazai na ƙaramar hukuma, daga can ya wuce hukumar jin daɗin alhazai ta jiha, a kai shi teburin masu biza, wani lokaci sai dab da hawa jirgi yake komawa ga mai shi. Cikin dubban da ke riƙe da shi, kaɗan ne ke lura da wata 'yar alama mai ruwan zinare a ƙasan bangonsa, ɗan akwati da da'ira a tsakiya. Alamar tana nufin akwai ƙwayar lantarki a ɓoye cikin littafin, ɗauke da suna, ranar haihuwa, lambar fasfo da hoton fuskar mai shi, a ƙasashe da dama har da zanen yatsunsa.

Malesiya ce ta fara fitar da irin wannan fasfo a 1998. Bayan harin 11 ga Satumba 2001, Amurka ta gindaya wa ƙasashen da ke shiga cikinta ba tare da biza ba sharaɗin su koma ga fasfo mai ƙwaya daga watan Oktoban 2006, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, kuma ta tsara ƙa'idar bai ɗaya. Najeriya ta ƙaddamar da nata a 2007, sannan a 2019 ta fito da sabon samfuri mai wa'adin shekara 10, wanda ake haɗawa da lambar ɗan ƙasa ta NIN. Tun daga 2009 Saudiyya ta daina karɓar fasfo na musamman da wasu ƙasashe ke bai wa alhazansu, ta ce kowa ya zo da na ƙasa da ƙasa. Da wannan mataki, dattijon da bai taɓa ƙetare iyakar jiharsa ba sai don sauke farali ya shiga tsari ɗaya da ɗan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Dubai da Landan.

Abin da ƙwayar ke iya yi

Jita-jita ta daɗe tana yawo cewa da ƙwayar ake bibiyar mutum duk inda ya sa ƙafa. Ƙwayar ba ta da batir, ba ta kuma magana da tauraron ɗan'adam. A kwance take har sai an kusantar da ita ga na'urar karantawa, wadda ke ba ta wuta ta hanyar igiyar rediyo daga tazarar da ba ta wuce kimanin santimita 10 ba. Bayanan da ke ciki kuma suna ɗauke da sa hannun lantarki na ƙasar da ta bayar da fasfon, ta yadda in aka sauya ko da harafi ɗaya, na'urar da ke tantance sa hannun za ta gane.

Amfanin hakan a fili yake. A watan Janairun 2010, waɗanda suka kashe jigon Hamas, Mahmoud al-Mabhouh, a wani otal a Dubai sun shiga ƙasar ne da fasfo na jabu masu ɗauke da sunayen mutanen da ba su ji ba, ba su gani ba, ciki har da 'yan Birtaniya 12. Binciken gwamnatin Birtaniya ya nuna cewa an kwafi fasfon ne lokacin da masu shi suka miƙa shi domin a duba. Irin wannan satar suna ce ƙwayar ta zo ta tsaurara.

Sai dai tun da wuri masana suka nuna cewa garkuwar na da ɓaraka. A watan Agustan 2006, wani masanin tsaron kwamfuta ɗan Jamus, Lukas Grunwald, ya kwafi bayanan ƙwayar fasfo zuwa wata ƙwayar a gaban mahalarta wani taro a Las Vegas. A 2010, masu bincike a Jami'ar Birmingham sun gano hanyar shaida wani fasfo na musamman in ya gifta kusa da na'ura, ba tare da an buɗe bayanansa ba. Ƙasashe da yawa sun ƙara makullai bayan haka, Amurka kuma ta sanya shingen ƙarfe a bangon nata domin kada a karanta shi yana rufe.

Abin da ya fi shafar mai karatu shi ne inda mabuɗin ƙwayar yake. Ana haɗa shi ne daga abubuwa uku: lambar fasfo, ranar haihuwa, da ranar ƙarewar wa'adi. Dukkansu a rubuce suke a layuka biyun da ke ƙasan shafin hoto. Ke nan duk wanda ke da hoton wannan shafi yana da mabuɗin, ko da yake sai littafin ya zo kusa da shi zai iya amfani da shi. Shafin nan kuwa shi ne ake ɗauka da waya a tura wa dillalin biza ta WhatsApp, ake barin kwafinsa a shagon buga takardu, ake kuma sakawa a Facebook don murnar samun kujera.

Wuta a masaƙa

Hausawa na cewa ana zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa. Manyan ɓarnar da aka gani ba daga ƙwayar suka fito ba. Sun fito ne daga rumbunan da ake tara bayanan matafiya. Kamfanin otal na Marriott ya amsa cewa a kutsen da aka gano a 2018, lambobin fasfo kimanin miliyan 5.25 da ba a kulle su ba sun faɗa hannun ɓarayi. A 2019, hukumar kwastam da tsaron iyakar Amurka ta sanar da cewa an sace hotunan matafiya daga kwamfutocin wani ɗan kwangilarta. Lambar sirri in ta fita ana sauya ta, fasfo in ya ɓata ana soke shi, amma ba mai sauya fuskarsa ko zanen yatsunsa.

Wannan ne ya kai wani Bajamushe, Michael Schwarz, gaban kotu bayan ya ƙi bayar da zanen yatsunsa a birnin Bochum. A watan Oktoban 2013 Kotun Tarayyar Turai ta ce ɗaukar zanen yatsu domin fasfo halas ne a doka, amma ta ƙara da cewa dokar ba ta zama hujjar tara su a rumbu ɗaya ba, wurinsu shi ne cikin fasfon da ke hannun mai shi.

Raunana ne suka fi ɗanɗana kuɗa idan bayanai suka bar hannun da aka damƙa wa. A watan Yunin 2021, ƙungiyar Human Rights Watch ta ruwaito cewa bayanan da hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tattara daga Musulmin Rohingya domin yi musu katin shaida sun kai ga gwamnatin Myanmar ta hannun Bangladesh, sunaye aƙalla 830,000, alhali da yawa ba su fahimci abin da suka amince da shi ba. Hukumar ta musanta yin kuskure, ta ce ta nemi izininsu. Ko ma yaya aka yi, mutanen da suka tsere daga kisa sun wayi gari sunayensu da hotunansu na hannun waɗanda suka kore su.

Mizanin Shari'a

Rubuta sunayen jama'a ba baƙon abu ba ne a Musulunci. Ya tabbata a hadisin Huzaifa bin Yaman (RA) cewa Manzon Allah (SAW) ya sa an rubuta masa adadin Musulmi, Sayyidina Umar (RA) kuma ya kafa diwani domin tsara rabon dukiyar baitulmali. Hukuma tana da haƙƙin sanin mai shiga da mai fita, musamman a taron da ke haɗa kusan mutum miliyan biyu a wuri ɗaya. Dalilin da ya sa Saudiyya ke ɗaukar zanen yatsun maniyyata kafin biza, ta kuma wajabta katin Nusuk daga aikin Hajjin 2024, ke nan. Ƙa'idar ICAO ma ta yarda mace ta ɗauki hoto da hijabinta, matuƙar fuska ta bayyana daga haɓa zuwa goshi.

Amma Shari'ar da ta halatta wannan ita ce ta yi masa iyaka. Aya ta 12 a Suratul Hujurat ta haramta binciken sirrin mutane, aya ta 27 a Suratun Nur ta hana shiga gidan wani ba da izini ba, aya ta 58 a Suratun Nisa'i kuma ta wajabta mayar da amana ga masu ita. Malaman fiƙihu sun ƙa'idance cewa larura ana auna ta ne gwargwadonta. Bayanin da aka karɓa domin biza, amana ce domin biza. Sayar da shi ga masu talla, ko miƙa shi ga wanda ba shi da hurumi, ko barin sa a kwamfutar da kowa ke taɓawa, cin amana ne, ko da ba a taɓa ko sisin mai shi ba.

Doka ma ta fara kamo hanya. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sanya bayanan jiki irin su fuska da zanen yatsu a rukunin da ke buƙatar kulawa ta musamman, ta kuma wajabta sanar da hukumar kare bayanai cikin sa'o'i 72 idan an yi kutsen da zai iya cutar da mutane. Saudiyya ma tata dokar ta fara aiki a watan Satumban 2023. Ya rage ga Hukumar Alhazai ta Ƙasa, hukumomin jihohi da kamfanonin jirgin yawo su fito su faɗa wa maniyyaci wa ke ganin bayanansa, da tsawon lokacin da za a ajiye su, da ranar da za a goge su.

Matafiyi shi ma yana da nasa kason. Kada ya miƙa fasfonsa sai ga ofishi ko kamfani mai lasisi, ya daina yaɗa hoton shafin bayanansa, ya tabbatar an goge kwafinsa a shagon da ya buga, ya kuma kai rahoto ga hukumar shige da fice da zarar littafin ya ɓata. Malaman bita, waɗanda ke koyar da ɗawafi da sa'ayi, za su yi wa al'umma babban aiki idan suka ware wa wannan batu ko da minti biyar ne. Allah Ya suturta mu, Ya kuma ba waɗanda aka damƙa wa amana ikon riƙe ta.