Ko ka sani? Tagar da aka zuƙe wa iska

Ko ka san akwai gilashin taga da kaurinsa bai wuce milimita 6 da ɗoriya ba, amma yana tare zafi da sanyi kamar gilashi mai ruɓi biyu da ya ninka shi kauri kusan sau huɗu? Dabarar irin ta filas ɗin shayi ce: falle biyu na gilashi, a liƙe bakinsu, a zuƙe iskar da ke tsakaninsu. Idan babu iska, zafi ya rasa abin da zai bi ya ƙetare, sai wanda ke tafiya kamar haske, shi kuma ana shafa wa gilashin wani siririn rufi na ƙarfe da ke mayar da shi inda ya fito.

Tun 1913 wani Bajamushe ya yi rajistar wannan tunani, amma aka kasa ƙera shi sai a 1989, a Jami'ar Sidni ta Ostiraliya, ƙarƙashin Richard Collins. Me ya jawo jinkirin? Fitar da iskar ba ita kaɗai ce wahalar ba. Iskar da ke kewaye da mu tana danna kowace murabba'in mita da nauyin kusan tan 10. Ba ma jin sa, domin ta ko'ina take dannawa. Da zarar an zuƙe ta tsakiya, fallen biyu za su manne ko su farfashe.

Maganin shi ne ƙananan ginshiƙai, kowanne faɗinsa kusan rabin milimita, a jere da tazarar kimanin milimita 20, suna riƙe da ratar milimita 0.2 kacal. In ka matso da ido za ka gan su ɗigo-ɗigo. Daga nesa kuwa sam. Ni a ganina nan gwanintar take, don kowane ginshiƙi hanya ce da zafi ke satar wucewa. In sun yi yawa aikin ya ɓaci, in sun yi kaɗan gilashin ya tsage.

Kamfanin Nippon Sheet Glass na Japan ne ya fara kai shi kasuwa a shekarun 1990. Tsadarsa ta hana shi yaɗuwa sosai. Cikin wuraren da ya samu shiga akwai tsofaffin gidajen Turai, waɗanda doka ta hana a sauya musu kama, kuma siraran katakon tagoginsu ba sa ɗaukar gilashi mai kauri.