Ɗan Tunku, Dabo da Takun-saƙar Amurka da Sin

Matafiyin da ya tashi daga Kano ya nufi Daura, da zarar ya bar Dambatta ya hango duwatsun Kazaure, ya tsallake iyakar da aka zubar da jini kafin a shata ta. Shekara 200 da suka wuce, a nan aka yi ta fama da tambayar da ke hana Amurka barci game da Sin a yau: idan na baya ya kawo ƙarfi, a danne shi, ko a matsa masa ya zauna?

Ɗan Tunku jagoran Fulani ne a arewacin Kano, kuma ya taka rawa a jihadi. Da Ibrahim Dabo ya hau gadon Kano a 1819, bayan rasuwar Sarki Sulaimanu, sai Ɗan Tunku ya ƙi yi masa mubaya'a. Ba shi kaɗai ba ne. Tawaye ya ɓarke ta ko'ina, Dabo ya bi masu shi ɗaya bayan ɗaya ya murƙushe. Ɗan Tunku ne ya gagara. Aka yi wajen shekara biyar ana kai ruwa rana. Baturen nan Clapperton ma, da ya iso Kano a farkon 1824, ya tarar wutar ba ta mutu ba.

Ba takobi ne ya raba gardamar ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne ya yanke hukunci cewa Kazaure, ƙasar Ɗan Tunku, ta zama masarauta mai cin gashin kanta, mai bin Sakkwato kai tsaye. Kano ta yi asarar ƙasa, amma a ganina ta yi arha, domin daga baya Damagaram ta taso daga arewa, aka buƙaci garuruwan bakin iyaka irin su Kazaure da Babura su fuskanci gaba ɗaya. Har gobe Roni da Gwiwa ƙasar Sarkin Kazaure ce.

Amurka kuwa ta gwada wa Sin duka biyu: ba ta wuri, da kuma danne ta. Ta buɗe wa Sin ƙofar Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 2001, da zaton arziki zai sauya mata hali. Da ta ga Sin ta ƙoshi ba ta sauya ba, sai ta juya: haraji mai nauyi daga 2018, takunkumi kan Huawei a 2019, sannan hana sayar mata da manyan ƙwayoyin kwamfuta a 2022. Masanin nan Graham Allison ya lissafa irin wannan karo 16 a tarihi, ya ce 12 da yaƙi suka ƙare.

Sai dai kada mu yi saurin cewa su yi koyi da Kazaure. Dabo da Ɗan Tunku suna da wanda in ya yi magana dole su saurara. Amurka da Sin ba su da Sakkwato. A Kwamitin Tsaro na Majalisar Ɗinkin Duniya kowace na iya hawa kujerar na-ƙi. Kotun ɗaukaka ƙara ta Ƙungiyar Ciniki, wadda ya kamata ta raba su a rikicin kasuwa, ta daina zama tun Disambar 2019, saboda Amurka ta hana a naɗa sababbin alƙalai.