Kumburin Gindin Hanci: Aikin Likita Ne, Ba Na Wanzami Ba

Mun san halin 'yan kasuwarmu na Gadarif da Galabat: muddin ciwo bai kwantar da mutum ba, sai ya ce bari kakar riɗi ta wuce. To akwai wani kumburi da ke fitowa a gindin hanci, saman leɓe, wanda bai kamata a yi masa wannan sakaci ba.

Wata 'yar jaka ce mai ruwa a ƙarƙashin fata. Ba kasafai ake ganinta ba, kuma ba ciwon daji ba ce. Wani likitan Ostiriya, Zuckerkandl, shi ya fara bayaninta a 1882. Ta fi kama mata masu matsakaitan shekaru. Tana girma sannu a hankali ba zafi, har ta toshe ƙofar hanci.

Kuskuren shi ne a kai wa wanzami ya tsaga. Ruwan zai fita, amma jakar tana nan, sai ta sake cika. Ga haɗarin ƙwayoyin cuta, domin jijiyoyin jinin wurin suna haɗe da na cikin kai.

A asibiti kuwa, likita yakan tsaga ta cikin leɓen sama, ya cire jakar ɗungurungum, ya ɗinke. Ba tabo a fuska, kuma da wuya ta dawo.

Amma fa ba kowane kumburi ne wannan ba, wani daga ruɓaɓɓen haƙori yake. Wanda ya ga alama ya nufi Asibitin Koyarwa na Gadarif a duba shi. Allah ya ƙara mana lafiya.