Lambar Sklare: Karrama Dattawan da Ba Su Yarda da Juna Ba

A shekarar 1992 Marshall Sklare ya rasu. Malami ne a jami'ar Brandeis, kuma shi ake yi wa kallon uban nazarin zamantakewar Yahudawan Amurka. A wannan shekarar ce ƙungiyar masu binciken rayuwar Yahudawa ta fuskar kimiyyar zamantakewa, wadda aka kafa a 1971 ake kuma taƙaita sunanta da ASSJ, ta fara ba da lambar yabo da sunansa. Duk shekara akan zaɓi gogaggen malami, a duba aikin da ya yi tsawon rayuwarsa, a karrama shi. Shi kuma sai ya gabatar da lacca, a buga ta a mujallar ƙungiyar mai suna Contemporary Jewry, sau da yawa tare da martanin abokan aikinsa. Wanda ya fara karɓa shi ne Sidney Goldstein, masanin ƙidayar jama'a na jami'ar Brown. Mai kallo daga nesa zai ce ai dattawa ne kawai ke yabon junansu, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganar. Sai dai duk wanda ya bi jerin sunayen zai lura cewa an sha ba da lambar ga mutanen da suka shafe shekaru suna rusa hujjojin juna. A ganina nan ne darajarta take, domin a fage irin wannan abin da ya fi cancantar a adana shi ne gardamar kanta.

Dalilin yana cikin yanayin aikin. Ƙidayar gwamnatin Amurka ba ta tambayar addini, har ma akwai dokar 1976 da ta hana a tilasta wa mutum amsa wannan tambaya. Mai karatu a Najeriya ba zai yi mamaki ba, tunda ƙidayar 2006 ita ma ta tsallake addini da ƙabila. Saboda haka duk adadin Yahudawan Amurka da mutum ya ji, wani malami ne ya ƙiyasta shi, ba hukuma ce ta ƙirga ba. Aikin kuwa ba ƙarami ba ne, domin a cikin Amurkawa 100 Yahudawa ba su wuce 2 da ɗan ɗori ba. A babban binciken da aka yi a 1990, wanda Goldstein ya jagoranci kwamitin masanansa, sai da aka buga wa gidaje sama da 100,000 waya kafin a samu kimanin 2,400 da aka yi cikakkiyar hira da su. Kafin a kai ga hirar ma akwai tambayar da ta fi kowace wuya: wa za a sa a lissafi? Shari'ar Yahudanci ta gargajiya tana bin uwa. Ɗarikar Rifom ta Amurka ta amince tun 1983 da ɗan da ubansa kaɗai ne Bayahude, muddin an tashe shi a cikin addinin. Dokar komawa Isra'ila, bayan gyaran 1970, ta buɗe ƙofa har ga jika. Ga kuma waɗanda ke cewa su Yahudawa ne amma ba su da addini, waɗanda cibiyar bincike ta Pew ta samu sun kai kashi 27 cikin 100 na manya a 2020. Inda mai bincike ya ja layi, nan adadinsa zai tsaya.

Binciken na 1990 ya nuna irin nauyin da ke kan wannan layi. Ya ce kashi 52 cikin 100 na Yahudawan da suka yi aure daga 1985 zuwa lokacin binciken sun auri waɗanda ba Yahudawa ba. Adadin ya girgiza shugabannin al'ummar. Maganar ɗorewar al'ummar ta zama abin faɗa a kowane taro, kuɗi suka kwarara zuwa makarantun addini da sansanonin yara na lokacin hutu, kuma a cikin wannan yanayi ne aka fara shirin Birthright a 1999, mai kai matasa ziyarar kwana 10 Isra'ila kyauta. Da aka sake binciken a 2000 zuwa 2001, aka ƙuntata ma'anar Bayahude, sai adadin wancan lokacin ya sauko zuwa kashi 43. Auren da aka ɗaura bai ƙaru ba bai ragu ba, ma'auni ne ya sauya. Shi kansa sabon binciken ya gamu da tangarɗa, har aka ɗage fitar da shi saboda ɓacewar wasu bayanai, kuma adadin miliyan 5.2 da ya bayar bai gamsar da masana da yawa ba. Inda alƙaluma ke motsi haka, jama'a ba su da madogara face amanar mai lissafin: shin yana bayyana yadda ya ja layinsa, yana ajiye bayanansa inda wani zai duba, yana sauraron mai suka? Littafi ɗaya ba ya nuna wannan hali. Sai mutum ya yi shekara 30 ko 40 ana ganin yadda yake yi idan lissafi ya juya masa baya, shi ya sa lambar ta dattawa ce.

Misalan suna nan a jerin. Sergio DellaPergola na jami'ar Hibru da ke Birnin Ƙudus, wanda aka karrama a 1999, yana ƙirga abin da yake kira ainihin al'umma, wato waɗanda Yahudanci ne asalin da suke danganta kansu da shi, kuma ya daɗe yana sanya Yahudawan Amurka a kusan miliyan 6. Leonard Saxe na Brandeis, da ya karɓi lambar a 2012, ya bi wata hanya dabam: ya tattara ɗimbin binciken ra'ayin jama'a da aka yi kan Amurkawa baki ɗaya, ya tsamo amsoshin Yahudawa daga ciki, ya kai ga adadin da ya haura miliyan 7. Pew ta ce miliyan 7.5 a 2020. Wannan tazara ba wasa ba ce, domin a kanta ne amsar ko Isra'ila ko Amurka ce ta fi yawan Yahudawa a duniya ta rataya. Haka nan Charles Liebman, wanda ya ga Yahudancin Amurka yana shiga tsaka mai wuya tsakanin son shiga cikin jama'a da son ɗorewa, an ba shi lambar a 2000. Shekara ɗaya bayan haka aka miƙa ta ga Calvin Goldscheider, wanda ya dage cewa al'ummar sauya kama take yi, kuma zumunci da unguwa da sana'a da makaranta suna iya riƙe mutane ko da sun rage zuwa wurin ibada. Da lambar hukunci ce kan wanda ya yi daidai, da ƙungiyar ta ƙaryata kanta cikin wata 12. Abin da take tabbatarwa shi ne duka biyun sun yi gardama da hujja, kuma ɗalibi na bukatar karanta su duka.

Sklare da kansa ya dace da wannan ma'auni. A littafinsa na 1955 kan ɗarikar Kwanzabatib, wadda a lokacin take bunƙasa a sababbin unguwannin bayan gari, ya ɗauki 'yan Otodoks, masu tsananin riƙo da shari'ar addinin, a matsayin tsarin da ke lalacewa. Daga baya ya dawo ya yarda cewa sun farfaɗo. Alƙaluman Pew na 2020 sun ƙara jaddada gyaran nasa: a cikin Yahudawa 'yan shekara 18 zuwa 29, kashi 17 Otodoks ne, kashi 8 ne kawai Kwanzabatib. Amma wani abin da ya gano bai tsufa ba. A binciken da ya yi da Joseph Greenblum a wata unguwar masu hali kusa da Shikago, wadda suka sakaya sunanta suka kira ta Lakeville, suka buga a 1967, ya tambayi me ya sa iyalai ke riƙe wasu ibadu suna sakin wasu. Ya ga cewa wadda ke ɗorewa ita ce wadda ake yi jefi-jefi, ta shafi yara, ba ta ware mutum daga maƙwabtansa, kuma ana iya ba ta ma'anar zamani. Shi ya sa gidan da ya daina kiyaye dokokin abinci na yau da kullum da hutun Asabar zai ci gaba da kunna kyandirorin bikin Hanuka a lokacin da maƙwabta ke shagalin Kirsimeti, ya kuma tara dangi sau ɗaya a shekara don liyafar Idin Ƙetarewa, inda ƙaramin yaro ne ke yin tambayoyin da ke buɗe labarin fita daga Masar. Irin wannan lura ta fi hasashe daɗewa. Mujallar Look ta yi babban labari a 1964 cewa Bayahuden Amurka na gab da ɓacewa, sai ga shi ita ce ta rufe a 1971.

Akwai suka iri biyu da ba za a kawar da kai daga gare su ba. Na farko, yawancin masanan 'ya'yan al'ummar ne, kuma ƙungiyoyinta da attajiranta ne ke biyan kuɗin binciken. Sklare ya yi shekaru yana jagorantar sashen bincike na Kwamitin Yahudawan Amurka kafin ya koma jami'a, kuma bai ɓoye damuwarsa kan auren waje, wato auren wanda ba Bayahude ba. A Brandeis akwai cibiyar bincike mai ɗauke da sunan Michael Steinhardt, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Birthright, kuma masanan jami'ar ne ke auna tasirin shirin. Wannan abin lura ne, amma ba hujja ba ce cewa sakamakon ƙarya ne. Maganinsa shi ne a buɗe bayanai, kuma fagen yana da rumbun ajiya, Berman Jewish DataBank, inda mai shakka zai ɗauko alƙaluman ya sake lissafi. Shigowar Pew a 2013, wadda ba ƙungiyar Yahudawa ba ce, ta zama awo daga waje, kuma ba ta wanke ɓangare ɗaya kaɗai ba. Ta samu jama'a sun fi yadda aka yi tsoro yawa, ta kuma samu auren waje ya kai kashi 58 a tsakanin waɗanda suka yi aure tun 2005.

Suka na biyu ya fi zafi. Fagen ƙarami ne, kuma a ƙaramin fage dattijo ɗaya na iya riƙe hanyar samun aiki da tallafi da bugu. A 2018 jaridar New York Jewish Week ta wallafa zargin mata da dama cewa Steven M. Cohen, wanda ya karɓi lambar a 2010, ya ci zarafinsu. Ya amsa cewa ya yi halin da bai dace ba, ya kuma bar aikinsa a Hebrew Union College. Malaman tarihi uku, Lila Corwin Berman da Kate Rosenblatt da Ronit Stahl, suka rubuta cewa matsalar ta wuce mutum ɗaya, domin fagen da ya ɗauki aure da haihuwa a matsayin ma'aunin ɗorewa ya mayar da mata abin ƙirgawa, alhali maza ne ke tsara tambayoyin. Jerin sunayen bai ƙaryata su ba: a shekaru 20 na farko matan da aka karrama, irin su Celia Heller da Deborah Dash Moore da Riv-Ellen Prell, ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Ban ga hanyar da za a ce lambar ba ta da hannu a wannan ba, tunda yabo yana ƙara wa mai iko iko.

Duk da haka soke karramawar ba zai rage wa dattawa ƙarfi ba, sai dai ya mayar da shi inda ba a gani. Lambar da ake bayarwa a fili, da suna da shekara da laccar da aka buga, ita ce ta ba masu suka damar ƙirga mata nawa ne, da gano tambayoyin da aka yi watsi da su. Jerin kuma ya soma sauyawa. An karrama Sylvia Barack Fishman a 2014, wadda ta yi nazarin iyali da matsayin mata. Sai Barbara Kirshenblatt-Gimblett a 2015, masaniyar al'adun gargajiya da ta jagoranci tsara babban baje kolin gidan tarihin Yahudawan Folan da ke Warsaw. Sai Judit Bokser Liwerant ta Meziko a 2017, wadda aikinta ya shafi Yahudawan Latin Amurka. Ba ɗaya a cikinsu da ta yi suna da ƙirga kawuna. Tsohuwar tambayar, ko al'ummar raguwa take yi ko sauya kama, kuma tana nan ba a rufe ta ba. Pew ta samu a 2020 cewa kashi 61 na waɗanda suka yi aure tun 2010 sun auri wanda ba Bayahude ba, ta kuma samu cewa 'ya'yan irin wannan aure a ƙarnin matasa sun fi na da yawan kiran kansu Yahudawa. Almajiran Liebman suna kafa hujja da adadi na farko, na Goldscheider suna kafawa da na biyu.