Barbarar Awaki a Wajen Lokacinta: Nazarin Ma'ana Daga Ojoo ta Ibadan

1.0 Gabatarwa

Tun 1916 aka keɓe wa Hausawa unguwar Sabo a Ibadan, daga baya zamansu ya bazu har Ojoo, mashigar motocin Arewa. A nan jajayen awakin Sakkwato da Maraɗi suke haɗuwa da gajerun awakin Kudu. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana abin da masana dabbobi suke nufi da barbara a wajen lokacinta, domin mai fassara ya san abin da zai gaya wa makiyayi.

2.0 Ma'anar "Lokaci"

A ƙasashen Turai tsawon yini shi yake tsara barbara. A Faransa yini yakan kai sa'a 16 a tsakiyar shekara, ya faɗo zuwa 8 a ƙarshenta. Idan dare ya fara tsawo, sai ƙwaƙwalwar akuya ta ƙara fitar da sinadarin melatonin, wanda yake tayar da neman bunsuru. A Ibadan kuwa bambancin yini mafi tsawo da mafi gajarta bai kai sa'a 1 ba. Saboda haka akuya takan nemi bunsuru kusan kowane kwana 21, rani da damina, ta haihu bayan kimanin kwana 150. Abin da yake hana ta ɗaukar ciki galibi rama ce da cuta. Ke nan "lokaci" a bakin makiyayin Ojoo yana nufin lokacin wadatar ciyawa, ko lokacin da kasuwa take tashi, kamar gabanin salla.

3.0 Hanyoyin Ɗabi'a

Hanya ta farko ita ce ƙarin abinci. Akan ba akuya harawa da dusa mako 2 zuwa 3 kafin barbara, domin ta murmure, ta fi samun tagwaye. Ta biyu ita ce raba bunsuru da awaki na wata guda, inda ba za su gan shi ko su ji warinsa ba. Da zarar an mayar da shi, warin nan yakan sa yawancinsu su saki ƙwai cikin 'yan kwanaki.

4.0 Hanyoyin Homon

Homon sinadari ne da jiki yake fitarwa cikin jini domin sarrafa aikin wata gaɓa. Likitan dabbobi yakan sanya soso mai ɗauke da furojestaron a cikin farjin akuya na kimanin kwana 11. Gab da cire shi sai a yi mata allurar wani homon da ake tacewa daga jinin goɗiya mai ciki. Cikin kwana 1 zuwa 2 da cirewa takan nemi bunsuru. Amfaninsa a nan shi ne haɗa haihuwar garke a mako guda, amma ramammiyar akuya ba ta cika amsa shi ba.

5.0 Kammalawa

Idan aka fassara littafin Turai kalma da kalma, makiyayi zai ɗauka akuyarsa tana da lokacin da ba ta barbara, ya kashe kuɗinsa a allura alhali harawa take buƙata. Zai fi dacewa a ce "tsara lokacin haihuwa" ko "haɗa barbara", domin su ne suka yi daidai da abin da yake faruwa a garken Bahaushe.