Daga Hatimi Zuwa Rabon Gado: Lissafin da Aji Ya Manta a Gida

A 1985 wasu masana uku, Terezinha Nunes Carraher da David Carraher da Analúcia Schliemann, suka wallafa binciken da suka yi a kan yara 'yan talla a birnin Recife na ƙasar Barazil. Sun je wa yaran a matsayin masu saye. Wani ɗan shekara 12 mai sayar da kwakwa, kowace 35 a kuɗin ƙasar, da aka tambaye shi kuɗin guda huɗu sai ya ce uku 105 ne, a ƙara 30, a ƙara biyar, 140 ke nan. Daga baya aka ba shi takarda aka ce ya ninka 35 sau 4. Ya ce huɗu sau biyar 20, ya rubuta sifili ya riƙe biyu, sai ya haɗa biyun da uku tun kafin ya ninka, ya samu biyar, ya ninka da huɗu. Amsarsa 200. A bakin titi yaran sun ci kusan kashi 98 cikin ɗari na tambayoyin, amma da aka ba su lambobi zalla a takarda, kashi 37 kacal suka ci.

Duk wanda ya taɓa sayen goro ko ƙosai a hannun yarinya mai talla ya san wannan labari ba na Barazil kaɗai ba ne. A Maraɗi da Damagaram abin ma ya fi armashi, domin da dala ake ciniki, dala ɗaya kuwa sefa biyar ce. Yaron da aka ce masa dala ashirin ya san ƙarfen kuɗin da ke ɗauke da 100 ake nufi, wato wuni yake yana ninkawa da biyar yana rabawa da biyar ba tare da ya ɗauki alli ba. Shi ne kuma zai shiga aji a yi masa bulala a kan jadawalin biyar.

Malamin lissafin nan na Barazil, Ubiratan D'Ambrosio, shi ya fi kowa yayata nazarin lissafin da ke cikin al'adun jama'a, musamman bayan jawabinsa a taron duniya kan koyar da lissafi a Adelaide ta Ostareliya a 1984. Kafin nan Claudia Zaslavsky ta fitar da littafinta Africa Counts a 1973, kuma a cikinsa akwai wani Bakatsine da ya kamata kowane ɗalibin sakandare a Arewa ya san sunansa.

Shi ne Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kashinawi. Ya yi karatu a ƙasar Hausa, ya tafi aikin Hajji, ya rasu a Alƙahira a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin mashahurin marubucin tarihin Masar. A 1732 ya kammala wani littafi da ya bayyana hanyoyin gina hatimi mai gidaje mara, wato uku-uku, biyar-biyar, bakwai-bakwai. Da an ambaci hatimi wasu sai su tuna tsibbu su ja da baya, kuma suna da dalilinsu. Malamin lissafi ba ruwansa da wannan ɓangaren. Lambobin yake so.

A zana gidaje tara, a ce wa ɗalibai su zuba 1 zuwa 9 yadda kowane layi, a kwance da a tsaye da a karkace, zai ba da jimla ɗaya. Bayan 'yan mintoci wani zai dace, ya ɗaga hannu yana murna. Malami mai gaggawa zai ce a tafa masa, darasi ya ƙare. Mai haƙuri kuwa nan zai fara: me ya sa jimlar ta zama 15, ba 14 ko 16 ba? Sai wata ta lura cewa 1 zuwa 9 in an tara 45 ne, layuka uku ne a kwance, kowane dole ya ɗauki 15. To me ya sa duk wanda ya dace biyar ce a tsakiyarsa? Layuka huɗu ne ke ratsa tsakiya, jimlarsu 60. Sun taɓa kowane gida sau ɗaya, ban da na tsakiya da suka taɓa sau huɗu. A cire 45 daga 60, saura 15, shi ne gidan tsakiya sau uku, don haka biyar ce, babu makawa. Yaron da ya kai nan ya kafa hujja da kansa, abin da ɗalibai da yawa ke gama sakandare ba su taɓa yi ba.

Rabon gado ya fi wannan kusa da rayuwa. Kason da Alƙur'ani ya ƙayyade, rabi da rubu'i da sumuni, sulusi biyu da sulusi da sudusi, duk ɓangarorin lamba ne, kuma abin da malaman zaure ke kira asalin mas'ala shi ne ƙaramar lambar da dukkan masu rabon za su shiga ba saura, wadda ake wahalar da yara da ita a aji ba a gaya musu amfaninta ba. Al-Khwarizmi ma, a littafinsa na aljabara da ya rubuta a Bagadaza wajen shekara ta 820, ya ba mas'alolin gado da wasiyya babban kaso. A ɗauki mace da ta rasu ta bar miji da 'yan'uwa mata biyu shaƙiƙai. Miji yana da rabi, su kuma sulusi biyu. Asali shida ne: miji uku, su huɗu, jimla bakwai. Dukiya kashi shida, masu haƙƙi na neman bakwai! Kafin a faɗa wa ɗalibai hukuncin awlu, wanda ke raba dukiyar bakwai domin ragin ya shafi kowa gwargwadon kasonsa, yana da kyau a bar su su yi gardama a kan wa za a rage wa, da wane dalili.

Dara ma tana da nata. Gurabe 30 ne, biyar sau shida, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12, kuma sai an jera uku ake ci. Tambaya ɗaya ta isa darasi: jeri uku nawa ne za su yiwu a kan filin gaba ɗaya? Wanda ya ƙirga da tsari zai samu 20 ta tsawo, 18 ta faɗi.

Sai dai a yi hattara da kwalliya. Sauya sunan John zuwa Audu a littafi, ko tuffa zuwa mangwaro, bai canza komai a kan yaro ba. Wani bincike da Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka samu lambar Nobel a 2019, suka yi da abokan aikinsu a kasuwannin Kolkata da Delhi na Indiya, aka wallafa a mujallar Nature a 2025, ya nuna yaran kasuwa gwanaye ne a ciniki amma suna tuntuɓe a lissafin takarda, yaran makaranta kuma akasin haka. Ƙwarewar ba ta tsallakawa da kanta. Sai malami ya sa yaro ya faɗi yadda ya yi a ka, a rubuta a allo kusa da hanyar littafi, a duba inda suka haɗu da inda suka rabu.

Ita ma al'adar ba a ɗauke mata bincike ba. A kasuwar hatsi irin ta Dawanau ana cewa buhu kwano 40 ne. Wane kwanon? A sa ɗalibai su kawo na gidajensu a auna gero da su a kan sikeli, a share baki sannan a yi tozo, a rubuta sakamako. Za su ga bambanci, su ga yadda ɗan lotsawa a gindin kwano ke zama asara babba in an ninka sau 40, su kuma fahimci dalilin da ya sa hukuma ke son ma'auni ɗaya.

Malamai kan ce manhaja ta yi yawa, jarrabawar WAEC da NECO ba ta tambayar hatimi. Gaskiya ne, amma tana tambayar ɓangarorin lamba da kaso da awo, waɗanda su ne ke cikin gado da kwano. Babban ƙalubale yana kwalejojin horar da malamai, domin wanda aka koya wa lissafi da hadda da wuya ya iya tsayawa minti goma yana sauraron yara suna musu a kan amsa. A aji mai cunkoso za a iya raba yara huɗu-huɗu a fita da su tsakar makaranta, inda gurbin dara da gidajen hatimi ba sa buƙatar komai sai ƙasa da tsakuwa.