Mai 2:2 Ma Yana Yin Digiri Na Biyu

Mako biyu ke nan wani saƙo yana yawo a zaurukan WhatsApp na ɗalibanmu 'yan Gaya da Ajingi game da masu digirin tattalin arziki. Babu sunan wanda ya rubuta shi, sai lambar waya a ƙasa. Da ba don abin da na tarar a gidan baffana ba, da ban tanka ba.

Na iske baffa a zaure, an riga an ware raguna biyu da za a kai kasuwa don a biya kuɗin gyaran takarda. Ɗansa na gefe riƙe da takardar digirinsa a cikin leda, kansa a sunkuye. Baffa ya miƙo mini waya ya ce, "Ɗana, duba mini wannan magana. An ce in ba a gyara takardar yaron nan ba, karatunsa ya ƙare ke nan." Na ce, "Baffa, a mai da ragunan nan turke tukuna."

Maganganu huɗu ne a saƙon. Biyu ba su kai a daɗe a kansu ba. Cewa sai an ƙara shekara guda bayan digiri kafin a shiga na biyu, wannan tsarin Afirka ta Kudu ne, inda digirin farko yake shekara uku. Namu na shekara huɗu da darajarsa yake fitowa. Cewa kuma babu lissafi a digiri na biyu, duk wanda ya zauna a ajin ikonometiriks ya san nan ne ma lissafin yake tsananta.

Ta uku, cewa tallafin karatun waje sai mai babbar daraja, gaskiya ce. Tallafin karatun waje da gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta farfaɗo da shi a 2023, na ɗalibai 1,001 zuwa Indiya da Uganda, masu daraja ta ɗaya aka nema. Tallafin Chevening na Birtaniya ma yakan nemi kwatankwacin 2:1, haɗe da gogewar aiki ta shekara biyu.

A kan wannan gaskiyar aka ɗora ƙarya ta huɗu, wadda ita ce mai cutarwa: wai mai 2:2 ba shi da hanyar digiri na biyu ko'ina, sai ya biya wani ya ɗaga masa sakamako. Sharaɗin samun tallafi daban, sharaɗin samun gurbin karatu daban, kuma wanda ya haɗa su ya san abin da yake yi.

Ga yadda abin yake. A mafi yawan jami'o'inmu, maki 4.50 zuwa 5.00 shi ne daraja ta ɗaya, 3.50 zuwa 4.49 shi ne 2:1, 2.40 zuwa 3.49 shi ne 2:2, sai 1.50 zuwa 2.39 daraja ta uku. Jami'o'i irin su Bayero da Ahmadu Bello suna karɓar takardun masu 2:2 a digiri na biyu. Ba kowa ke samu ba: gurabe kaɗan ne, wasu sassan suna yanka makin da ba a sauka ƙasa da shi, wasu suna yin jarrabawar tantancewa. Amma ƙofar a buɗe take. Mai daraja ta uku ma yana da hanya: ya fara yin diflomar gaba da digiri, wato PGD, in ya ci da kyau ya nemi na biyu. Sauran abin da ake tambaya shi ne kiredit biyar na sakandare har da Turanci da lissafi, da takardar bautar ƙasa ko ta ɗauke ta.

Shi kuma "gyaran" da ake tallatawa, garin neman gira ne a rasa ido. Makarantar gaba da digiri tana neman cikakken sakamako ne kai tsaye daga jami'ar da ɗalibi ya gama. Ranar da takardu biyun suka saɓa, korarsa za a yi, kuma jabun takarda laifi ne da ke kai mutum kotu. Kuɗin sun tafi, sunan gida ya ɓaci.

Ban ga laifin baffa ba. Mutumin da ya sayar da gero da gyaɗa shekara huɗu don ɗansa ya yi karatu, dole hankalinsa ya tashi. Wanda nake ganin laifinsa shi ne mai ilimin da ya tura saƙon gaba ba tare da ya buɗe sanarwar jami'a ko ɗaya ba, alhali a wayar da ke hannunsa take.

Ƙannena masu 2:2, ku fito da takardunku daga ƙarƙashin katifa. Ku karanta sanarwar bana ta sashen da kuke so, ko ku hau mota ku je ku tambaya da bakinku. Iyaye kuma, kada ku ba kowa ko sisi da sunan gyaran sakamako.